Ranar Litinin zan fara aikin jinya, da me zan fara?

"Assalamu alaikum Anti. Na gama makarantar koyon aikin jinya a nan Gombe, na ci jarrabawar kansil, hukumar da ke ba mu lasisi, lasisina ya fito, kuma Allah ya sa an ɗauke ni aiki an tura ni babban asibitin wata ƙaramar hukuma. Ranar Litinin zan fara. Wallahi tun da na karɓi takardar nan barci ya ƙaurace wa idona. Da muna ɗalibai kullum akwai wata a kanmu, yanzu kuwa ni za a kalla. Ina tsoron in yi kuskure tun ranar farko, ko a tambaye ni abu in kasa a raina ni. Me zan shirya, kuma yaya zan zauna da manyan da zan tarar?"

Wa alaikumus salam ƙanwata. Barka da arziki, Allah ya sanya albarka a aikin, ya sa ki ci moriyarsa duniya da lahira.

Na karanta saƙonki sau biyu, sai na ga tsoro iri biyu kika ƙulle a tsumma ɗaya. Akwai tsoron kada ki cutar da mara lafiya, akwai kuma tsoron kada a raina ki. Ki raba su tun yanzu, domin ba sa shan inuwa ɗaya. Wadda tsoron raini ya cika wa ciki ita ce za a miƙo mata allurar da ba ta taɓa yi ba ta karɓa da murmushi, don kada a ce ba ta iya ba. Na haura shekara 20 a wannan aiki tsakanin garin Gombe da ƙananan hukumomi, sababbin nas da yawa sun bi ta hannuna, kuma wadda ta ce min "Sista, ban iya wannan ba, nuna min" ba ta taɓa hana ni barci ba. Mai cewa "to" ga komai ita nake bi da ido. Tsoron farkon kuwa ki riƙe abinki, kada ki nema masa magani. Ni har yau in zan zuƙi maganin jariri sai gabana ya ɗan faɗi, in sake duba takarda.

Abin da ya sauya tsakanin zamanki ɗaliba da ranar Litinin shi ne sa hannu. Awon zafin jiki, gyaran gado, wankin ciwo, duk kin yi su lokacin da ake tura ku asibiti koyon aiki, amma wata ce take sa hannu a ƙasa, ita kuma ake kira in magana ta tashi. Yanzu Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya, wadda muke ce wa kansil, ta shigar da sunanki rajista ta ba ki lamba. Ita ta ba ki lasisi, ita kuma doka ta ba ikon karɓe shi. Don haka duk abin da zan zayyana miki kusan gindinsa ɗaya: kada hannunki ya sauka a kan abin da idonki bai gani ba.

Inda aka tura ki ma yana da nasa hali. A Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe, ko na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Bauchi, sabuwar nas tana faɗawa ne cikin taron manya, ga likitoci masu neman ƙwarewa suna kwana a wurin. A babban asibitin ƙaramar hukuma hannu bai kai haka yawa ba. Kafin wata ya zagayo kina iya tsintar kanki a dutin dare ku biyu kacal, likita kuma sai an kira shi. Shi ya sa 'yan kwanakin farko da za a jingina ki da wata babba suke da tsada. Ki tatse su sosai.

Kafin Litinin

Ki haɗa takardunki a jaka ɗaya tun daren Asabar: takardar ɗaukar aiki, takardar turawa, lasisi da shaidar kansil, kwafin kowacce, da ƙananan hotuna. Rabin ranar farko a ofis yake tafiya, daga wajen sakatare zuwa wajen shugabar ma'aikatan jinya, ita ce za ta faɗa miki ɗakin da za ki. In da hali ki je garin tun Lahadi ki ga hanya da idonki, kada ki dogara da motar safe daga tasha.

A aljihunki ki sa agogo mai tsinken sakan, biro shuɗi da ja, ƙaramin littafi, almakashi da 'yar tocila. Agogon nan kada ki ce waya za ta maye gurbinsa, domin hannun da ya taɓa mara lafiya bai kamata ya koma kan wayar da za ki kara a kunne ba, kuma mai jinya da ya gan ki da waya a bakin gado ɗauka zai yi hira kike. Takalmi rufaffe mara tsini. Ki yanke farce, ki cire zobba da awarwaro. Hijabin aiki ya zama gajere wanda ba zai share ciwon wani ya je ya shafi na wani ba. Ki karya kumallo da abu mai nauyi, na ga sabuwar nas ta zube a tiyata ba don jini ba, don yunwa. Sannan in ba ki kammala rigakafin ciwon hanta nau'in B ba, ki nema. Allura 3 ce: ta farko, ta biyu bayan wata 1, ta uku a wata na 6.

Karɓar aiki a bakin gado

Yawancin asibitocinmu duti uku suke yi, safe da yamma da dare, kuma kowane duti yana farawa da karɓar aiki, abin da muke kira handoba. Nan ne zan fi daɗewa, domin nan na taɓa ƙonewa.

A shekarata ta farko, a wani asibiti da ba sai na kama suna ba, na zo dutin yamma a ɗakin masu jego. Wadda zan karɓa tana sauri, yaranta sun taso daga makaranta, sai muka yi handoba a kan tebur. Tana karantowa ina rubutawa. "Gado na shida, ta haihu da hantsi, lafiya lau." Na sa hannu ta wuce. Sai bayan kusan awa guda na zagaya da abin awon jini. Yarinya ce Bafullatana, haihuwar fari, surukarta na zaune a gefen gado tana riƙe da jaririn. Na ce sannu, yaya jiki? Ta sunkuyar da kai ta ce "jam", wato lafiya da Fulatanci. Na auna jini na samu 100 bisa 60, na ce a raina ba laifi. Da na kama wuyan hannunta sai na ji bugun siriri yana gudu, na ƙirga 124. Na buɗe tafin hannunta in ga ko ya yi fari, lalle ya rufe shi ruf. Na ja fatar idonta ƙasa, fari fat kamar takarda. Sannan na ɗaga zanen. Jini ya jiƙa shi ya ratsa har kan ledar katifa, mahaifa kuma ta saki, tiɓis a saman cibiya.

Ba zan ɓoye miki ba, sandarewa na yi. Wata dattijuwa mai share ɗakin ce ta ga fuskata ta kwasa da gudu ta kira ungozoma. Ita ta zo ta murza mahaifar har ta ƙulle, aka sa robar fitsari, aka yi allurar oksitosin mai ƙulle mahaifa, aka ɗaura ruwa, aka kira likita, 'yan uwa suka ba da jini. Allah ya yi da sauran kwananta. Washegari incaj ɗinmu, wato shugabar ɗakin, ba ta ɗaga min murya ba, tambaya ɗaya ta yi min: "Da kika karɓi aiki, kin ɗaga zanen?"

Daga ranar ban sake karɓar mara lafiya a kan tebur ba, ke ma kada ki yarda. Ku bi gado gado ke da mai ba ki. Ki gaida mutum ki ji yadda ya amsa, ki duba ledar ruwa nawa ya rage kuma yana ɗiga, ki duba wurin kanula, 'yar robar da aka sa a jijiya, ko ya kumbura, ki duba ledar fitsari, ki duba bandeji ko ya jiƙe. Gani ya kori ji. In mai ba ki ta nuna tana sauri, ki ce "Sista yi haƙuri, sabuwa ce ni, nuna min su in gane fuskokinsu." Ba wadda za ta ƙi wannan.

Abu biyu na koya a gado na shida. Na farko, bugun zuciya yana riga awon jini kawo labari. Jikin matashiya yana iya riƙe awon jini daidai har jini mai yawa ya zuba, sai daga baya ya rikito gaba ɗaya. Kin san lissafin babba: bugu 60 zuwa 100 a minti, numfashi 12 zuwa 20, zafin jiki wajen 36.5 zuwa 37.5. Numfashi shi aka fi yi wa ha'inci, za ki ga fayil an jera 20, 20, 20 tun safe har dare, alhali ba wanda ya ƙirga. Ki ƙirga naki minti guda cur, kina riƙe da hannunsa kamar bugu kike ji, don in ya san numfashinsa kike kallo zai sauya shi. Na biyu, "da sauƙi" a bakin mutanenmu gaisuwa ce, ba rahoto ba. Kunya da dauriya, musamman a wajen Fulani, ba sa barin mace ta ce tana jin ciwo a gaban surukarta. Wani lokaci sai kin ce wa masu jinya su ɗan ba ku wuri kafin ki ji gaskiya. Mai ciki kuwa in awonta ya kai 140 bisa 90, balle ga ciwon kai ko kumburi ko gani dishi-dishi, kada ki rubuta ki wuce, ki faɗa wa babba nan take kafin jijjiga ta zo.

Bayan marasa lafiya, ki sa a nuna miki kayan gaggawa: ina tukunyar iskar oksijin, akwai iska a ciki, ina abin hura numfashi, ina na'urar zuƙe majina, ina allurar gaggawa ta adirenalin. Ki taɓa su da hannunki. Ki tambayi wa ke riƙe da makullin kabad ɗin magunguna masu tsauri irin su fetidin, ki ga yadda ake ƙirga su a rubuta a littafi duk canjin duti. Ki kwafe lambar likitan da ke kan kira, da ta ɗakin gwaji, da ta mai janareta.

Magani da allura

Kin haddace ƙa'idar a makaranta: mutumin daidai, maganin daidai, adadi daidai, hanya daidai, lokaci daidai. A ƙasarmu ta farkon ce ta fi kayar da mutane. Ɗaki ɗaya sai ki tarar da A'isha Muhammad uku. Ga mai jin Hausa sama-sama wadda duk sunan da kika kira za ta ce "na'am" don ladabi, ga mai jinya da ta haye gadon ta miƙe yayin da mara lafiyar ta shiga banɗaki. Kada ki ce "ke ce A'isha?" Ki ce "yaya sunanki?" ki bari ta faɗa, sannan ki haɗa da lambar kati. Ki tuna kuma akwai matar da ba za ta iya furta sunan mijinta ko na ɗan farinta ba, sai ki nemi wani a cikin dangi ya faɗa.

Allurar da ba ke kika zuƙa ba, kada ki yi ta. Ko wace ce ta miƙo miki sirinji ta ce "je ki yi wa gado na huɗu", ki ce a nuna miki kwalbar. Ki karanta rubutun jikin kwalba da ranar lalacewarta, kada ki tafi da kama. Ƙaramar kwalbar fotasiyam kulorayid tana kama da ta ruwan haɗa allura, kuma in aka tura ta kai tsaye a jijiya tana tsayar da zuciya. In rubutun likita ya gagare ki karantawa, ki koma ki tambaye shi. Zai iya tsaki, tsaki ba ya kisa. In ta waya ya ba da umarni, ki maimaita masa abin da kika ji, ki rubuta da lokaci, ya sa hannu in ya zo.

Lissafin ƙarin ruwa ki sake bitarsa a daren nan, domin inji mai ƙirga ɗigo ba ko'ina ake samunsa ba. Robar ƙarin ruwa ta manya yawanci ɗigo 20 ne ke yin mil 1, a jikin ledarta aka rubuta, ki duba. In likita ya ce mil 500 cikin awa 6, sai ki ninka 500 sau 20, ya ba ki 10,000, ki raba da minti 360. Ɗigo 28 ke nan a minti, wato 7 a kowane sakan 15. Ta yara mai ma'auni ɗigo 60 ne a mil. Ki riƙa komawa kina dubawa, domin mai jinya yakan buɗe ta da kansa don ruwan ya ƙare da wuri a sallame su. Yara kuma da nauyi ake ba su magani. Yanzu in damina ta sauka ɗakin yara cika yake da zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, allurar atesunet kuma ana lissafa ta ne a kan kilo, a yi ta farko, a sake bayan awa 12, a sake a awa 24. Ki ɗora yaron a sikeli, kada ki kimanta da ido.

In wajen Kaltungo ko Ɓilliri aka kai ki, ki sa a koya miki gwajin saran maciji tun makon farko, don kububuwa ta yi yawa a yankin lokacin noma da girbi. Jini kaɗan ake ɗiba a zuba a busasshiyar kwalbar gilashi mai tsabta, a ajiye minti 20 ba a girgiza ba. In bai daskare ba, dafi ya shiga jini. Irin wannan mara lafiyar ba a yi masa allura a tsoka.

In kuskure ya faru, kuma wata rana zai faru, ki duba mara lafiyar tukuna, sannan ki faɗa wa incaj a take. Yawancin kurakuran magani suna da gyara in an sani da wuri. Wanda aka ɓoye shi ke zama gawa.

Kare kanki

Zazzaɓin Lassa a 1969 aka fara gano shi, a garin Lassa da ke jihar Borno ta yanzu, kuma waɗanda ya fara kamawa aka sani ma'aikatan jinya ne na mishan, biyu suka rasu. Jihar Bauchi maƙwabciyarmu tana cikin jihohin da ya fi addaba a ƙasar nan, ya fi tashi kuma da rani. Farkonsa ba shi da bambanci da zazzaɓin cizon sauro ko taifot. Saboda haka mai zazzaɓin da ya ƙi jin magani kwana da kwanaki, ga ciwon maƙogwaro ko amai ko jini ta wata kafa, ki sa safar hannu da takunkumi, ki sanar da babba. Ki wanke hannu kafin ki taɓa mutum da bayan kin taɓa shi, ko da safa kika sa. Allurar da kika yi amfani da ita kada ki mayar mata da murfi, a nan ake soke yatsa, ki jefa ta akwatin allurai yadda take. In ta soke ki, ki wanke da ruwa da sabulu, kada ki matse, ki kai rahoto a ranar. Maganin kariya daga cuta mai karya garkuwar jiki ana fara shi ne cikin awa 72, gwargwadon saurin farawa gwargwadon amfaninsa, a sha kwana 28.

Mutanen da za ki tarar

Ki gaida kowa, tun daga maigadi. Masu shara da masu tura keken marasa lafiya sun fi ki sanin asibitin nan, sun san inda makulli yake, sun san likitan da ke ɗaga waya da wanda sai an je gida. Kin dai ji wadda ta cece ni. Manyan nas kuwa hali-hali ne. Za ki samu mai jan ki a jiki, za ki samu wadda za ta jarraba ki da tambaya a gaban ɗalibai. In kin sani ki amsa a taƙaice, in ba ki sani ba ki ce za ki duba, gobe ki dawo mata da amsar. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Kalmar da nake so ki haɗiye a watan farko ita ce "ai a makaranta ba haka aka koya mana ba". Ko da gaskiyarki, ki mayar da ita tambaya: "Sista, me ya sa a nan ake yin sa haka?" Wani lokaci akwai dalili, wani lokaci rashin kayan aiki ne, wani lokaci kuma sakaci ne da ya zama al'ada. Na ukun nan ba dole ki yi faɗa a kansa ba, amma kada hannunki ya koye shi. Ƙananan maganganun wane da wance da za a fara kawo miki tun ranar farko, ki saurara da kunne ɗaya.

Masu jinya su ne hannunki na uku, su ke wanki da ciyarwa da sayo magani, su ke fara ganin an canja. In tsoho ya zo ya ce "Malama, numfashinsa ya sauya", ki tashi ki je, ko sau biyar ya kira ki a banza kafin nan. Ki tambaye su cikin lalama ko an ba shi jiƙo ko wani sassaƙe, in kika yi faɗa za su ɓoye a ƙarƙashin gado su ci gaba da ba shi. Kada ki karɓi kuɗin kowa da sunan za ki sayo masa magani ko ki biya masa, ki nuna masa wurin biya ya karɓo rasit. Garin ƙarami ne kuma, wadda ke gado na uku wataƙila kishiyar ƙanwar maƙwabciyarku ce. Abin da kika gani a fayil ya tsaya a fayil, ba a gida ba, ba a WhatsApp ba. Lokacin salla ki faɗa wa abokiyar aikinki ku yi karɓa-karɓa, kada a bar ɗaki ba kowa.

Iyakar abin da zan iya ba ki daga nesa ke nan. Ni yawancin aikina a ɗakin mata da na haihuwa na yi shi, kuma kowane asibiti yana da tsarinsa na lokacin duti da rubuta rahoto da wanda ake kira in abu ya taso. Inda maganata ta saɓa da rubutacciyar ƙa'idar wurinku, ki bi tasu, adadin magani kuma abin da likita ya rubuta ne kika tabbatar, ba abin da Anti ta faɗa ba.

In lokacin tashi ya yi, ki rubuta rahotonki kafin ki miƙa aiki: lokaci, abin da kika gani, abin da kika yi, wanda kika sanar. In kin yi kuskuren rubutu ki ja layi ɗaya a kai ki sa hannu, kada ki goge. Ki zagaya da mai karɓar ki gado gado kamar yadda kika nema a yi miki. In kin isa gida ki cire yunifom ki jiƙa shi daban, ki yi wanka kafin ki ɗauki yaron kowa. Daren Litinin ɗin ki turo min sunan ɗakin da aka sa ki, in na yara ne akwai lissafin da za mu zauna mu yi.